Tafintan Kamfani da Ɗiyar Malam Bube

Ranar da Nafisatu ta fara ganinsa, alli ne a hannunta, ta ba ƙofa baya, 'yan aji huɗu suna bin bakinta da ƙarfi kamar za su ɗage kwanon makarantar Ruwan Gizo.

"I am drinking medicine," in ji ta. Yara suka amsa. Ta maimaita, suka maimaita.

Sai da ta juyo ta ga mutum tsaye a baranda riƙe da keke, dogo, siriri, da farar riga mai gajeren hannu irin ta ma'aikatan kamfani. Yana cizon leɓe kamar mai ɓoye dariya. Ta ɗauke kai, amma har aka buga ƙararrawar tara tana jin idonsa a ƙeyarta.

Da yara suka watse ya matso. Suka gaisa, gaisuwa ta mutunci, aka tambayi gajiya, aka tambayi gida, aka tambayi zafin rana.

"Sunana Abdulwahabu, mutumin Damaga," ya ce. "Ni na tahintan kamhwanin da ka ginar magudanan ruwa. Hedimasta nika nema. Amma Malama, in ba ki jin haushi, ina da 'yar magana."

"Hwaɗi."

"Bature ba ya shan magani."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To in ba shi da lahiya mi yakai da shi? Kallonai?"

"Ɗauka yakai. Take medicine. Mu ka shan komi, Malama. Mu sha magani, mu sha taba, mu sha iska, mu sha wahala. Su kowane da tashi kalma."

Shekara biyar Nafisatu ta yi a makarantar horon malamai mata, kuma ba ta taɓa zuwa ƙasa da ta uku ba. Ta nuna allo da alli. "Jimlata ba ta da aibi. Ga aikau, ga aikatau, ga karɓau."

"Nahawunki ya hi nawa nesa. Ni aji bakwai nit tsaya. Sai dai kalmomin mutanen nan zumunci gare su, kowace da wadda taka zama kusa da ita. Ba littahi nig gani ba, ga bakinsu nika tsinta."

Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu, duk ya sha gumi gefensa ya nannaɗe. Ba ta karɓa ba. Ta ce masa ofishin hedimasta yana can ƙarshen baranda.

Da ta koma gida ta buɗe ƙamusunta, ta ga gaskiyarsa. Haushin sai ya ƙaru. Amma kashegari da safe, kafin yara su shigo, ta goge allon.

To, a wannan lokaci an gama bangon dam na Bakolori, aiki ya gangaro ƙasar Mafara da Bakura. Katafila na bi gona gona tana baje ƙasa don a yi noman rani, ana tuge itace, ana share iyakokin da kakanni suka sani. An ce wa manoma kada su shuka sai an gama a mayar musu. Inda aikin ya iso, an ga aiki. Amma gonakin arewacin Ruwan Gizo an kafa musu turaku masu jan fenti, an hana taɓa su, katafila kuwa ba ta zo ba. Damina biyu ke nan, ta uku na tafe.

Cikin masu gonakin har da mahaifin Nafisatu, Malam Bube, mai makarantar allo a zaurensa, mutum mai kaifin magana wanda ba ya faɗin abu sau biyu. Shi ne ya kai ɗiyarsa boko lokacin da ake yi masa dariya. Shi ne kuma yanzu ba ya son jin sunan kamfani a gidansa.

Ƙanwarsa, Gwaggo Marka, tana sayar da tuwo da fura a bakin barikin ma'aikata. Ita ce Nafisatu ta ba takardar farko ta kai wa tafintan, bayan ta yi mako guda tana kokawa da zuciyarta.

"Zuwa ga Malam Tafinta. Bayan gaisuwa. Na duba, maganarka haka take. Ina so ka gaya mini yadda suke cewa ruwan sama mai ƙarfi, da yadda suke cewa mutum ya yi kuskure. Don yara nake tambaya. Nafisatu."

Gwaggo Marka ta juya takardar a hannu. "Don yara? To Allah shi raya yaran." Ta sa ta ƙarƙashin faifan fura.

Amsa ta dawo a ranar.

"Zuwa ga Malama mai daraja. Ruwansu ba ƙarfi gare shi ba, nauyi gare shi: heavy rain. Shayi ne mai ƙarfi, strong tea. Kuskure kuma ƙera shi suke yi, make a mistake, kamar maƙeri da fartanya. Ni ma na ƙera guda ranar da na yi miki gyara a tsaye ba tare da kin san ni ba. A yafe mini. In yara suna da wata tambaya, ina nan kullum. Ko ba su da ita ma ina nan. Abdulwahabu."

Haka aka fara. Ita tana gyara masa nahawu da jan biro, shi yana aiko mata abin da ya tsinta a bakin injiniyoyi: yadda suke neman abu ba tare da sun ce a ba su ba, yadda suke ƙin abu suna murmushi, yadda in sun ce za su duba magana to an binne ta ke nan. Tun ana rubuta Malama, aka koma Malamata. Tun ana Malam Tafinta, aka koma Wahabu. Wata rana ya rubuto:

"Nafi, hasken idona. Yau Bature ya tambaye ni dalilin da nake dariya ni kaɗai a bakin magudana. Na rasa Turancin da zan ba shi amsa da shi. Na iya Turancin siminti da na ƙarfe da na ba da haƙuri, amma wannan abin da ke ƙirjina da Hausa kaɗai yake fita. Ina sonki. Ina so in turo kawuna wurin Baba. Ki ba ni izini."

Ta karanta sau uku a bayan rumbu. Amsarta layi ɗaya ce: "Wahabuna, ka turo, amma ka yi addu'a tukuna."

Kawu Ɗantani ya zo daga Damaga da goro da ladabi. Malam Bube ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya saurare shi, sannan ya ce, "Na san gidanku, ba ni da ta cewa ga asali. Amma yaro shina cin tuwon waɗanda sunka kahwa min turaku ga gona. A ba ni lokaci in ga ko wane na."

Akwai kuma Jibo, ɗan Alhaji Zubairu aminin Malam Bube. Ya yi shekara uku a sakandare ya baro, yana da babur da shagon kayan inji a Talata Mafara, kuma ya daɗe yana aiko wa Nafisatu turare tana mayarwa. Malam Bube bai taɓa tilasta mata ba. Amma Jibo ya ji labarin goron Damaga, ya shiga zuwa zaure kullum yana zama kusa da Malam.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar, manoma suka matsa aka sa ranar taro a filin makaranta. Suka zaɓi Malam Bube ya yi magana da bakinsu. Aka fitar da bencina ƙarƙashin itacen bedi. Babban injiniyan ya zo, wanda mutane ke kira Mailofe don lofen taba ba ya barin bakinsa, da akawunsa mai littafi, da Abdulwahabu a tsakani. Nafisatu ta ba yara aikin rubutu, ta tsaya jikin taga. Tana jin komai.

Malam Bube ya miƙe, ya dogara sandarsa.

"Yaro, ka ce mai damina biyu ba mu shuka ba. Ka ce mai rumbunanmu ɓera ma ya ƙaura. Bara yac ce muna katahila na zuwa, ba ta zo ba. Bara waccan haka. Ka ce mai ƙarya yay yi muna, sau biyu. Bana in ruwa ya sauka shuka za mu yi. In shina so, shi biyo da katahilar ta bisa kanmu."

Abdulwahabu ya dubi Malam Bube, ya dubi akawu da ya ɗora biro a kan takarda. Sannan ya juya ga Mailofe ya fara Turanci, mai santsi, mai taushi, irin wanda ya sha koya mata a takarda. Ya ce dattawa suna gaisuwa. Ya ce suna ɗan damuwa da jinkirin da aka samu. Ya ce za su yi godiya in an duba yiwuwar barinsu su yi shuka.

Daga taga Nafisatu ta ji, ta san ba haka mahaifinta ya faɗa ba.

Mailofe ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya ce zai duba. Har ya miƙa wa Malam Bube hannu.

Malam Bube bai karɓa ba. Ya dubi Abdulwahabu. "Na ce wa mutum maƙaryaci, shina min dariya. Mi kac ce mai?"

"Baba, na isar da..."

"Bai isar ba, Malam," in ji Jibo daga bayan benci. "Ina jin Turanci. Gaisuwa yak kai, da roƙo."

Aka fara gunaguni, wasu suka miƙe. Mailofe ya ga fuskoki sun canza, ya shiga motarsa. Malam Bube ya ɗauki takalmansa ya tafi bai waiwaya ba.

Bayan la'asar ya kira Nafisatu zaure. Ya sallami ɗalibai, ya rufe littafin da ke gabansa.

"Nahisatu, na gane ki ga taga. Jibo na da abin da yaka nema, ba ni ɗaukar shaidatai. Ke nika tambaya. Ni nik kai ki boko. Abin da nic ce, shi yac ce?"

Ta durƙusa tana kallon tabarma. Kalma ɗaya za ta faɗa magana ta mutu, don babu wanda zai ƙaryata ta.

"Ina saurare."

"A'a, Baba. Ba shi ba na."

"Ya ce ƙarya anka yi muna?"

"Bai ce ba."

"Ya ce za mu shuka?"

"Cewa yay yi kuna roƙo."

Malam Bube ya yi magana da murya ƙasa-ƙasa. "Allah shi yi miki albarka da gaskiya. Amma ki ji. Mutumin da anka ba saƙo yac canza shi ga hanya, ba ni ba shi amanar ɗiya. Gobe a mai da goron Damaga."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Sai da ta shiga ɗakin Dada, mahaifiyarta, ta kifa kai a cinyarta. Da safe ta rubuta takarda.

"Abdulwahabu. Baba ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya. Yau za a mayar da goro. Ina tsaye ina ji ka mayar da mahaifina maroƙi a gaban jama'a, da Turancin da nake alfahari da shi. In don aikinka ka yi, to ka riƙe aikin. Kada ka ƙara rubuto mini."

Gwaggo Marka ta kai, ta dawo da wata. Nafisatu ta ce ba za ta karɓa ba.

"Ke, ni ba gidan waya ba ta da za a bar min kaya," in ji Gwaggo. "Yaro ya bar tuwona ya huce gabanai, ni da tuwona ba a yi muna haka. Karɓi ki karanta, in kin so ki hura wuta da ita."

Ta karɓa.

"Nafi. Kin yi daidai da kika faɗi gaskiya, da kin rufa mini da na raina kaina. Ba don aiki na yi ba. Littafin da akawu ke riƙe da shi, sunayen waɗanda suka yi barazana ake rubutawa a ciki, a miƙa wa 'yan sanda. A gabana aka rubuta mutum huɗu a wani ƙauye wajen Bakura, har yau biyu ba su dawo gida ba. Tsohon tafintan da ya koya mini aiki ya ce kullum a wanke magana kafin a miƙa ta, ta talaka a rage mata zafi, ta Bature a rage mata ɗaci, a rabu lafiya. Haka duk muke yi. Na ga biro a kan takarda, na ga Baba, na kasa. Ban san ko na yi daidai ba. Na san dai ba zan iya ganin an sa shi a mota ba."

Ta zauna da takardar har fura ta tsinke a kwano. Haushin ya tafi, wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa. Ta je ta gaya wa mahaifinta. Ya saurara har ƙarshe.

"Na san da littahin," ya ce. "Tun kahin in miƙe na san da shi. Na yi alwala, na yi sallama da uwarki. Wa ya aike shi shi ji min tsoro? Mutum sittin sunka ba ni bakinsu, shi ya rufe shi da hannunai. Niyya tai kyau. Magana tana nan inda take."

Sai ta sake rubutu.

"Wahabuna. Na gane, kuma na janye abin da na ce game da aiki. Amma Baba ba yaro ba ne. Ya san abin da zai biyo baya, ya zaɓi kalmominsa. Shekara biyu kuna wanke magana, shi ya sa Bature yake zaton ana ɗan damuwa ne kawai, mu kuma muke zaton katafila na hanya. Ba wanda ya ji ɗan'uwansa. Ban san abin da zai gyara tsakaninka da Baba ba. Ina dai yi maka addu'a, kuma ban karɓi turaren kowa ba."

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai, ƙasa ta jiƙu kamu guda. Da hantsi mutanen arewacin gari suka jawo kututture suka gindaya a hanyar motocin kamfani, dab da katangar makaranta, suka zauna a kai da sungumansu da ƙoren iri. Hedimasta ya sallami yara. Nafisatu ba ta tafi ba, ta tsaya a bakin ƙofar aji.

Kafin azahar Mailofe ya iso. Bayansa akwai babbar mota cike da 'yan sanda, suka diro suka jeru da kulake, biyu da bindiga. Akawu ya buɗe littafinsa a kan bonet ɗin mota. Abdulwahabu ya fito daga bayan mota, ya rame, idonsa ya faɗa.

Malam Bube ya miƙe daga kan kututture. "Ba mu son wanga tahinta. Jibo, taho. Kai kac ce kana ji."

Jibo ya fito yana gyara hula. Malam Bube ya faɗi maganarsa, irin ta ranar nan, bai rage ko harafi ba. Jibo ya buɗe baki, ya ce gud aftanun sa. Ya dubi bindiga, ya dubi biron akawu. Ya sake cewa sa. Mailofe ya yi masa wata tambaya da sauri, irin Turancin da ba a koyarwa a aji, kalmomi na hawa kan juna. Jibo ya yi murmushin da ba na dariya ba, ya ce da Malam, "Wai... wai a yi haƙuri." Ya ja da baya har ya shige cikin mutane.

Sufeton 'yan sanda ya duba agogo. Ya ce da Hausa an ba su minti biyar su janye itacen. Babu wanda ya motsa. Wani tsoho ya fara salati a hankali.

Sai Abdulwahabu ya taka. Ya bar gefen mota, ya tsallake kututturen, ya zo ya durƙusa a gaban Malam Bube.

"Baba, ka hwaɗi. Yadda kab ba ni haka zan kai ta. Abin da yac ce kuma haka zan kawo ma, ko da ɗaci."

"In sun rubuta ni hwa?"

"Sai su rubuta mu tare."

Malam Bube ya dube shi. Sannan ya ɗaga kai ya fara, jimla jimla, yana tsayawa. Abdulwahabu ya miƙe tsaye kusa da kafaɗarsa yana juyawa da murya mai ƙarfi, yadda har Nafisatu take ji daga bakin aji. Damina biyu. Rumbuna wayam. An yi mana alkawari sau biyu, sau biyu aka yi mana ƙarya. Kai ka faɗa da bakinka. Yau za mu shuka. In za ka hana, sai ka bi ta kanmu.

Babu gaisuwa, babu roƙo. Nafisatu tana bin kowace kalma da leɓenta, ta damƙe gefen mayafinta har yatsunta suka yi ciwo.

Mailofe ya cire lofe daga baki. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya yi wa Abdulwahabu magana a fusace, shi kuwa ya juya ga jama'a. "Ya ce ni ma'aikacinsu na, in tuna wanda ka ba ni abinci." Ya koma ga Bature ya amsa, ya sake juyowa. "Na ce mai aikina in kai magana, yau na fara yin shi daidai."

Biron akawu na ta gudu a kan takarda. Sufeto ya ɗaga hannu, 'yan sanda suka matso taku biyu.

Mailofe ya dakatar da shi. Ya tambaya, wannan karon a hankali, ko da gaske damina biyu ba a shuka komai ba a nan. Abdulwahabu ya juya tambayar. Mutum sittin suka amsa baki ɗaya. Bature ya sa aka ɗauko taswira, ya shimfiɗa a kan mota, ya daɗe yana bi da yatsa, yana tambayar akawu, akawu na inda-inda. Da ya ɗago ya yi magana gajeriya, ba ya kallon kowa.

"Ya ce katahila ba ta isowa wanga yanki bana," in ji Abdulwahabu. "Ko baɗi ba shi da tabbas. Ya ce shi an gaya mai ƙorahi na kaɗan. Ya ce ku shuka, amma kada a tuge turaku." Ya ɗan tsaya. "Ya ce kuma ni in aje katin aiki, daga yau ba ni tare da su."

Ya zaro katin ya ajiye a kan bonet. Mailofe ya miƙa hannu ya karɓi littafin akawu, ya duba shafin, ya rufe ya sa a aljihunsa. Ko me ya yi da shi daga baya, Allah masani, ba a dai zo ɗaukar kowa ba. Aka janye kututture, motoci suka juya, mutane suka bazu cikin gonaki tun ƙasa ba ta sha iska ba.

Malam Bube bai ce wa Abdulwahabu ko sannu ba. Ya biyo ta bakin aji, ya tsaya bai dubi ɗiyarsa ba.

"Yau hwa?"

"Bai rage ba, Baba. Bai ƙara ba."

Ya gyaɗa kai ya wuce gona.

Kashegari da sassafe aka ga Abdulwahabu a gonar Malam Bube da aron sungumi, yana sara, Malam na biye yana zuba iri yana rufewa da diddige. Ba wanda ya kira shi, ba wanda ya kore shi. Hannun da ya saba da biro ya yi kanta ya fashe. Kwana uku suna haka, maganarsu ba ta wuce salama da lokacin salla ba. Nafisatu tana aiko da fura ta hannun Gwaggo Marka, ita kuma tana dawowa da rahoto.

"Layinai a karkace kamar tahiyar maciji. Amma ubanki bai gyara mai ba, kuma yau na ga ya miƙa mai ludayi da hannunai."

Rana ta huɗu, da suka kai ƙarshen gona, Malam Bube ya zauna a gindin turke mai jan fenti, ya ce, "Yanzu mi za ka ci da iyali?"

"Hedimasta ya ce ana neman mai koyar da manya karatu da yamma. Ina kuma da gonar gado Damaga, ruwan dam bai ci ta duka ba."

"Ranar nan ka ji tsoro?"

"Na ji, Baba."

"Ni ma." Malam Bube ya kakkaɓe ƙasa daga tafinsa. "Ka ce wa Ɗantani shi dawo da goronai. Ka hwaɗa mai yadda nic ce, kada ka wanke."

Da yamma Gwaggo Marka ta shigo gida tana rangaɗa guɗa tun daga zaure, har Dada ta saki muciya. Ta jefa wa Nafisatu takarda a cinya. Rubutun duk ya karkace saboda ciwon hannu.

"Nafi, amaryata in Allah ya so. Baba ya ce Ɗantani shi dawo da goronai. Haka ya faɗa, haka na rubuta. Ba ni da aiki, ba ni da fata a tafin hannu, amma ina da ke. Naki har abada, Wahabu."

Ta rufe fuska da takardar tana dariya, hawaye na zuba.

Aka ɗaura aure bayan kaka, ranar Juma'a, gero na tsaye dami dami a ƙofar gida, na farko cikin shekara uku. Mutanen Damaga suka zo a mota biyu, na Bakura da Janbako suka zo a kan kekuna, har Jibo ya zo ya zauna a sahun baya ya shafa fatiha da kowa. Da za a tafi da amarya, Malam Bube ya sa aka kawo su gabansa su biyu, ya ɗora hannu a kan mayafinta.

"Ga ta nan, Abdulwahabu. Ta gaya min gaskiya ranar da gaskiya ta hi yi mata ciwo. Ka riƙe ta da kyau. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku zuri'a mai albarka, shi cika muku rumbu, shi sa ku tsufa tare kuna jin maganar juna."

Zaure ya amsa da amin. Daga ƙarƙashin mayafi, a hankali, Nafisatu ma ta ce amin.